A riƙa ba mu labarin 'yan bayan ƙananan kulob na Sifaniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan shafinku na wasanni. Daga Garwa nake rubutowa, a arewacin Kamaru. Jaridarku ba ta iso mana a takarda, a waya muke karanta ta, kuma shafin wasanni shi ne wanda samarinmu suka fi tura wa juna. Shi ya sa abin da kuke sakawa a ciki da abin da kuke tsallakewa duk sun shafe mu.

Kusan kowane mako labarin ɗaya ne: Real Madrid ta doke wance, Barcelona na zawarcin wane, an ƙara wa wane albashi. Ban ce ku daina ba, ni ma ina karantawa. Amma yaron da ba ya jin komai sai wannan zai ɗauka cewa ƙwallon Sifaniya kulob 20 ne na La Liga, kuma duk wanda ya taka ƙasar da takalmin ƙwallo ya warke. Alhali a ƙarƙashin waɗannan 20 akwai 22 a rukuni na biyu, akwai 40 a rukuni na uku, akwai 90 a na huɗu, sannan ga na biyar da aka kasa gida 18 bisa yankuna. A 2021 aka yi wannan tsari. Kafin nan rukuni na uku, wanda suke kira Segunda B, kulob 80 ne a gida huɗu. A can ƙasa ne mafi yawan masu cin abinci da ƙwallo suke, kuma ban taɓa ganin kun ba da labarin ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Ni tela ne. Kafin in zauna a kan keken ɗinki na buga baya a ƙananan kulob na yankinmu, tsakanin Garwa, Gidar da Marwa, har gwiwa ta zaunar da ni. Yanzu da la'asar ina horar da yaran unguwa, kuma ni ke ɗinka musu lamba a bayan riga. Lamba 7, 9 da 10 sai an yi rabon faɗa a kansu. Lamba 4 da 5 na 'yan baya kuwa sai na yi lallashi kafin wani ya karɓa, kuma yakan karɓa yana ɓata rai, a ganinsa an ce masa bai iya ba ne. Waɗannan yara nake so ku taimaka mini a kansu.

Bari in ba ku misalin irin mutumin da nake nufi. Sunansa César Caneda, an haife shi a 1978 a garin Vitoria, a yankin Basque. A makarantar Athletic Bilbao ya tashi, kulob ɗin da ba ya ɗaukar kowa sai ɗan yankin ko wanda ya koyi ƙwallo a yankin. Ya taka leda a La Liga da rigarsu, amma bai samu gurbin dindindin ba, sai aka yi ta ba da shi aro: Salamanca, Sevilla, Racing Santander. Da suka rabu da Bilbao ya bi ta Eibar, ya gangara can kudu zuwa Cádiz, ya dawo gida Alavés, daga nan ya sauka Guijuelo, garin da mutanensa ba su kai 6,000 ba. A wurin masu lissafin ƙwallo na gidan kallo, mutumin da ya fara da Bilbao ya ƙare a Guijuelo ya gama yawo, sai a shafa fatiha. Shi kuwa ya tattara kayansa ya koma Mirandés, a wani gari da ake kira Miranda de Ebro, mai mutum wajen 35,000, wato ko kusa da Gidar ɗinmu bai kai ba.

A watan Janairun 2012 ana gasar cin kofin Afirka a Gabon da Equatorial Guinea, ba Kamaru ba Najeriya, duk ba mu samu tikiti ba. Gidajen kallo a Garwa sun yi sanyi, mai gidan kallon unguwarmu yana neman duk wasan da zai tara masa mutane. A haka muka ci karo da Mirandés a Copa del Rey, gasar cin kofin Sifaniya. Kulob ne na rukuni na uku, amma ya riga ya fitar da Villarreal da Racing Santander, dukansu 'yan La Liga a lokacin. A zagayen kwata fainal aka haɗa su da Espanyol, wadda Mauricio Pochettino ke horarwa. Mu 'yan Kamaru muna da soyayya da Espanyol saboda Thomas N'Kono da Carlos Kameni da suka tsare mata raga, don haka yawancin 'yan kallo ita suke so. A wasan farko a Barcelona, Mirandés ta sha gaba da ci 2 da nema, sai a mintunan ƙarshe aka zura mata uku. A wasa na biyu a filinsu na Anduva, wanda da ƙyar yake ɗaukar mutum 6,000, Espanyol ce ta fara ci. Kyaftin ɗin Mirandés, Pablo Infante, ya farke. Wannan Infante ma'aikacin banki ne, da safe yana ofis da yamma yana atisaye, kuma shi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar kofin ta wannan shekara. Minti 90 ya cika ana 1 da 1, Mirandés na hanyar fita. Sai aka ba su bugun tazara daga gefe. Infante ya ɗago ta, Caneda ya taho tun daga baya ya sa mata kai ta faɗa raga. Jimilla 4 da 4, Mirandés ta haye saboda ƙwallayen da ta ci a waje, kamar yadda doka take a wancan lokaci. Lokacin Caneda yana da shekara 33.

Na tuna wani yaro mai sayar da shayi a ƙofar gidan kallon ya leƙo yana tambaya, "Koci, wane ne ya ci?" Na ce masa ɗan baya ne. Ya ce, "A wane kulob yake da?" Na fara lissafa masa, kafin in kai rabi ya koma wajen tukunyarsa.

A wasan kusa da na ƙarshe, Athletic Bilbao, gidan da ya raine shi, ita ta fitar da su, har da ci 6 da 2 a filinta na San Mamés. Amma a ƙarshen wannan kaka Mirandés ta hau rukuni na biyu, karo na farko a tarihinta. Caneda ya ci gaba da bugawa, daga baya ya koma garin Logroño, ya haura shekara 40 yana tsakiyar baya ana fafatawa da shi. Wanda bai buga wurin ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ɗan gaba zai ɓarar da ƙwallo biyar ya ci ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya zai tare ashirin, ta ashirin da ɗaya ta wuce, da ita za a kwana ana zaginsa. Idan gudu ya ragu, sai ka koma aiki da ido da baki: ka san inda ƙwallo za ta sauka tun ba a buga ta ba, ka ja layin satar gida da tsawa ɗaya, ka san lokacin da za ka shiga da lokacin da za ka ja da baya ka bar ɗan gaba ya ruɗe da kansa. Ka kuma riƙe jikinka: barci da wuri, abinci daidai, ba yawon dare. Kocin ƙaramin kulob ba shi da kuɗin ajiye dattijo don tausayi. Idan ya sabunta wa mai shekara 40 kwantiragi, to ya duba ya ga babu yaron da ya fi shi ne. Ni a wurina wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya kowace kaka ana samun mai neman sa hannunsa ya ci nasara a sana'arsa, ko da bai taɓa ɗaga kofi a gaban kyamara ba.

Mu ma muna da irinsu, mantawa muke yi. Kowa a Garwa zai ba ka labarin ƙwallon da ɗanmu Vincent Aboubakar ya ci Masar a minti na 88 a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017, kuma ya cancanci a ba da shi. Amma wa ya farke ƙwallon da Masar ta fara ci? Nicolas Nkoulou ne, ɗan baya, wanda daga benci ya taso bayan Adolphe Teikeu ya ji rauni. Wa ya buɗe raga a wasan Ghana kafin nan? Michael Ngadeu, shi ma ɗan baya, wanda ya sha yawo a ƙananan kulob na Jamus da kuma Romaniya kafin a san da shi. Ko Samuel Eto'o da Real Madrid ta ɗauka yana yaro, Leganés aka fara tura shi aro a rukuni na biyu a 1997. Lauren, shi ma ɗan wasan Kamaru, ta ƙananan kulob na kudancin Sifaniya da Levante ya bi kafin Mallorca da Arsenal.

Kada a ɗauka cewa rayuwar ƙasan nan daɗi ce. Kwantiragi yawanci na kaka ɗaya ne, watan Yuni na yi mutum ya zama ba shi da aiki, ya zauna jiran waya. Kowace shekara ko biyu sabon gari, sabon gidan haya, 'ya'ya su canza makaranta. Tafiya wasa a mota ce, awanni a hanya. Kuma a can ma ana cin haƙƙin 'yan wasa. Salamanca da Caneda ya taɓa buga wa ta rushe gaba ɗaya a 2013 saboda bashi. A watan Agustan 2011 'yan wasan rukuni na ɗaya da na biyu sun yi yajin aiki har aka ɗage makon farko na La Liga, domin wajen 'yan wasa 200 na bin kulob-kulob kusan Yuro miliyan 50. A Janairun 2014 'yan Racing Santander, lokacin suna rukuni na uku, sun kai kwata fainal na Copa del Rey alhali sun yi watanni ba albashi. Da alƙalin wasa ya busa a wasansu da Real Sociedad, sai suka taru a da'irar tsakiya suka dafa kafaɗun juna suka ƙi taɓa ƙwallo, aka tashi wasan. Sun yarda a fitar da su daga gasar da dai su ci gaba da yi wa shugabannin da ba sa biyansu aiki.

To ina bambancinsu da mu? Takarda da ƙungiya. Ɗan wasa a can yana da kwantiragi a rubuce da aka ajiye a hukumar ƙwallo, yana kuma da ƙungiyar 'yan wasa, AFE, tun 1978. Idan kaka ta ƙare kulob bai biya ba, ɗan wasa ya kai ƙara, a ba kulob wa'adi, in ya wuce a sauke shi rukuni ko da ya ci wasanninsa a fili. Haka aka yi wa Castellón da Cultural Leonesa a 2011. Shugaban kulob ya san cewa cin kuɗin ɗan baya zai iya jawo masa faɗuwa, don haka ko rance ne zai ci ya biya. Wannan ne ya sa mutum irin Caneda zai iya yawo kulob goma ya tara abin da zai riƙe iyali.

Mu a zamaninmu da baki ake komai. Akwai wani kulob da na buga wa, ba zan kama suna ba, shugabansa ya yi mana alkawarin ladan wasa idan muka tsira daga faɗuwa. Muka tsira a wasan ƙarshe, a zafin watan Afrilu, a filin da ba ciyawa ko ɗaya, gwiwoyina duk sun saɓule. Washegari muka je ƙofar gidansa muka zauna a inuwar dalbejiya tun hantsi. Yaronsa ya fito da buta da ruwan sanyi ya ce Alhaji ya yi tafiya, alhali ga motarsa muna gani a cikin gida. Mai tsaron ragarmu, wanda matarsa ta haihu a makon, ya cire safar hannunsa daga leda ya ajiye a bakin ƙofar ya tafi, bai sake buga ƙwallo ba. Ba mu da takarda ko ɗaya da za mu nuna wa wani. Lokacin da gwiwata ta tafi ma, mai ɗori aka kai ni, kuma daga aljihun yayana kuɗin ya fito. Abin da ya rufa mini asiri shi ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yarda na taɓa ƙwallo ba sai na gama yinina a shagon ɗinki.

Yanzu an samu ci gaba, ba zan ƙi faɗa ba. Coton Sport ta Garwa, wadda aka kafa a 1986 da tallafin kamfanin auduga, ta nuna cewa kulob daga arewa zai iya tsayawa da ƙafarsa: ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta ci 2 da nema a Alƙahira aka yi 2 da 2 a nan Garwa. Daga wurinta Aboubakar ya tafi Valenciennes a 2010 ta hanyar da ta dace, kulob da kulob. Akwai kuma ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, SYNAFOC, da Geremi Njitap ya jagoranta, ta sha ɗaga murya a kan albashin da ba a biya. Filin Roumdé Adjia an gyara shi, a nan Najeriya ta doke Masar 1 da nema a Janairun 2022, 'yan'uwanmu daga Yola da Mubi suka cika gari. Amma Coton Sport ɗaya ce. Yaron da ke buga gasar yanki a Yagwa ko Kuseri har yau alkawarin baki yake ci, kuma da ya gaji sai ya fara sauraron dillalai.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Wata maƙwabciyata, bazawara mai sayar da ƙosai, ta zo shagona da wata takarda a cikin leda. Ta ce, "Malam, duba mini wannan, an ce gayyata ce daga Sifaniya, ɗanka za a kai gwaji." Wani mutum ne ya ga yaron a fili ya ce zai kai shi, amma sai an ba da sefa miliyan biyu na biza da jirgi. Tana shirin sayar da filin da mijinta ya bar musu. Na duba takardar, tambarin kulob a sama ya dushe saboda yawan kwafi, ba sunan wanda ya sa hannu, lambar wayar da ke jiki kuma ta Kamaru ce. Yaron shekararsa 16. Na ce mata, "Hajiya, dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika 18, sai da wasu dalilai ƙalilan da ba su shafi ɗanki ba. A kan wannan doka aka hukunta Barcelona kanta a 2014, aka hukunta Real Madrid da Atlético a 2016. Kulob na gaskiya kuma idan yana son yaro shi ke biyan kuɗin jirgi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To shi yaron wa zai gaya masa? Ni ba ya jin maganata a kan ƙwallo." Na kira shi na zaunar da shi. Amsar da ya ba ni ita ce, "Koci, ko rukuni na uku ne a can ai ya fi nan." Na ce masa rukuni na ukun cike yake da 'yan ƙasa da suka fito daga makarantun Bilbao, Sevilla da Madrid, mutane irin Caneda da suka taɓa buga La Liga, kuma su ma kowace shekara faɗi-tashi suke yi kafin su samu gurbi. Baƙon da ya shiga da bizar yawon buɗe ido, ba takardar zama ba izinin aiki, ko rajista ba za a yi masa ba. Ƙarshenta ya ƙare a gonakin tumatir na Almería a kudancin Sifaniya, yana jin kunyar kiran gida. Filin dai ba a sayar ba. Yaron ya yi wata guda ba ya gaishe ni, yanzu ya dawo atisaye, kuma na sa shi koyon gyaran babur a wurin wani abokina.

Da a ce wannan yaro ya saba karanta labarin irin su Caneda a shafinku, da aikina ya yi sauƙi. Zai san tsawon layin da ke gabansa. Zai san cewa ɗan Sifaniya da aka haifa a can, aka horar a can, yana iya shekara ashirin yana yawo tsakanin ƙananan garuruwa, kyaftin ɗinsa na aikin banki da safe. Zai kuma san cewa wannan rayuwa ba abin kunya ba ce, sana'a ce da ake yi da mutunci idan akwai takarda a hannu da wata sana'ar a gefe. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, amma yaranmu an koya musu cewa in ba Bernabéu, filin Real Madrid, ba to babu, shi ya sa suke raina abin da ke gabansu su bi wanda zai cuce su.

Kuma labaran nan suna da daɗin karantawa, ba wa'azi kaɗai ba ne. Alcorcón, tana rukuni na uku, ta lallasa Real Madrid 4 da nema a 2009. Alcoyano ta fitar da Real Madrid daga Copa del Rey a Janairun 2021 da mai tsaron raga ɗan shekara 41, José Juan. A wancan watan dai Cornellà ta fitar da Atlético Madrid. Real Oviedo ta faɗa har rukuni na huɗu a 2003, magoya bayanta suka riƙe ta, ta dawo La Liga a 2025 tare da Santi Cazorla da ya koma gida don ya taimaka mata. A bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai 'yan baya huɗu da ba wanda ya san sunansu a nan, kuma kowannensu yana da tarihin garuruwan da ya bi.

Roƙona, Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ku ware rabin shafi ga irin waɗannan 'yan wasa, na Sifaniya da na gida. Ku faɗi kulob nawa mutum ya bi, me yake yi idan kaka ta ƙare, me ya koma yi bayan ya rataye takalmi. Ku bayyana wa iyaye da Hausa dokar shekara 18, da yadda takardar gayyata ta gaskiya take. Ku tambayi shugabannin ƙungiyar 'yan wasa yaushe za su riƙa zagayo gasannin yanki na arewa su koya wa yara abin da ake rubutawa a kwantiragi. Idan kuna da wakili a ɓangarenmu, ku turo shi Garwa, Marwa ko Njamena ya zauna da tsofaffin 'yan baya. Da yawansu suna tasha suna tuƙa babur na haya, wasu suna kasuwa, kuma zan raka shi wurinsu da kaina.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani tela, tsohon ɗan baya,
Garwa, Kamaru.